Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Ramammen Sa Ya Fito da Ƙiba

Mai saye a yau ba ya zuwa kara, hoto yake jira a waya. Bi waɗannan matakai, ina tabbatar maka sanka zai yi ƙiba ba tare da ya ci ko kwanon dusa ba. An gwada su a karar Wudil kan san Malam Gwadabe dillali, wanda Hajiya Sharifa ta Kano ta ce ya turo mata hoton na layya, in bai yi mata ba, za ta sake dillali.

1. Durƙusa

Hoto daga sama tonon asiri ne, ƙashin baya kawai yake nunawa. Kai gwiwa ƙasa, ka kalli san daga ƙarƙashi har tozonsa ya taɓa gajimare. Kashin shanu zai ɓata maka wando. Masana sun ce hoton da bai ɓata wando ba da saura.

2. Ba rana baya

Hasken da ya zo ta gefe yana fito da haƙarƙari fili. Juya san. In ya ƙi juyawa, jira hadari.

3. Zaɓi mai riƙe igiya

Girman sa yana ga wanda ya tsaya kusa da shi. Kada ka sa dogo. Gwadabe ya kira Ƙasimu mai shayi, magidanci, wanda Allah bai ba tsayi ba.

"Yau kuma ni ake nema, Malam? Ba kai ne kullum kake ce mini guntu ba?"

"Riƙe dai, ranka ya daɗe. Ɗan ranƙwafa, ka ɓata fuska kamar yana janka."

San kuwa a lokacin gyangyaɗi yake.

4. Duba abin da ke bayansa

A nan aka yi asara. Gwadabe ya shagala da tozo, bai lura farin san Muhyiddeen, maƙwabcinsa a turke kuma abokin hamayyarsa, ya shigo hoton ta baya ba. Ya tura hoton, bai tashi daga durƙuson ba saƙon muryar Hajiya ya shigo.

"Malam Gwadabe, sannu da aiki, hoto ya yi kyau. Wancan farin na baya nake so. Na gaban kuwa, don Allah a kai shi asibiti."

5. Haɗiye girman kai

Gwadabe ya kakkaɓe gwiwa, ya nufi turken Muhyiddeen, ya yi masa gaisuwar da rabonsa da ita tun bara.

"Lafiya, Malam?" in ji Muhyiddeen.

"Sanka na sayar."

Hajiya ba ta sake dillali ba. Ramammen yana nan a turke, Ƙasimu kuma ya ce ba zai ƙara riƙe igiya kyauta ba.

Sanarwa: wannan shawara ce ta hoto kawai. Duk abin da ya biyo baya idan an sauke sa a ƙofar gidan mai saye, tsakaninka da shi ne da mahauci. Kada a kawo mini ƙara, kada kuma a kawo mini san.