Rasuwar Kwaɗo, Mai Gadin Agogon Matan Soja

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma 'yar kunya, ni Solomon, mai shagon intanet na bayan tashar Zuru, ina sanar da rasuwar Kwaɗo, wanda ya bar mu ranar Talata, a cikin wannan shekara ta 2007.

Marigayin layi uku ne kacal a cikin manhajar da na rubuta wa matan sojojin garinmu. Soja a Laberiya ko Darfur zai aiko da lokacin da zai zauna gaban kyamara, manhaja ta juya shi zuwa agogon Zuru, ta aika wa matarsa saƙo a waya. Sai dai wurin saita ƙasa guda ɗaya ne tal, kuma duk lissafi da shi yake aiki. Nan Kwaɗo ya yi rayuwarsa. In lissafin Darfur ya shiga, sai ya kulle, na Laberiya ya jira a waje, kamar ƙofar banɗaki a gidan haya.

Mutum ne mai haƙuri. Bai san matar Kyaftin ba, bai san matar kurtu ba, kowa layi. Shekara uku bai taɓa ɗaga murya ba, in ban da ɗan "ƙit" da kwamfuta take yi in ya tsare wani.

Bai yi jinya ba. Wani babban masani ne ya dube shi, ya ga yana ɓata rabin daƙiƙa, ya ce ai ba za a taɓa samun saƙo biyu a lokaci guda ba a ƙaramin gari irin namu. Ya goge shi, har ya yi wa maƙwabta alfahari da saurin manhaja. Masanin nan ni ne.

Washegari saƙo biyu suka shigo tare. Saja Dawuda ya aiko daga Darfur cewa ƙarfe huɗu zai zauna, wato biyu a nan. Ana tsakiyar lissafinsa sai saƙon Laberiya ya faɗo ba sallama, ya canza ƙasa, aka gaya wa matarsa Larai ƙarfe biyar. Ta hau acaɓa daga Dabai da jaririyar sati uku wadda ubanta bai taɓa gani ba, ta sa mata farar riga da 'yan kunne. Ta iske kujera babu kowa a kyamara. Saja ya jira har ya gaji, an tafi da su daji, sai bayan wata uku. Larai ba ta zage ni ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Marigayin ya bar kwamfuta huɗu, da janareta mai tari, da ƙane guda da na rubuta jiya bayan aikin gama ya gama. Ya kuma bar jaririya wadda za ta fara koyon zama kafin ubanta ya ga fuskarta.

Za a binne takardar da na buga layukansa uku a gindin mangwaron bayan shago, ranar Asabar da ƙarfe biyu, agogon Zuru, da hannu na lissafa. Kada kowa ya zo da jawabi a kan sauri. Na aika wa Larai gayyata, ta aiko cewa za ta zo ƙarfe biyar.