Fuskata Ta Shiga Kwaleji

Jama'a, ku taya ni murna, na shiga kwaleji da furfurata! Yau da safe maigadi ya tare ni yana neman katin ɗalibi. Na ce masa ni ba ɗalibi ba ne, mukulli ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wuce Baba, 'yan'uwanka na gindin darbejiya."

Ga yadda aka yi. Mai Girma Garkuwan Ɗalibai, Inuwar Marasa Caji, Allah ya ƙara masa yawan hotuna, ya tashi raba wa 'yan kwaleji tablet, wayar nan mai faɗin faranti. 'Yata Bahijja na ciki. To shi Mai Girma kyautarsa ba ta fita sai da musabaha a gaban kyamara, mu kuwa a unguwarmu Soron Ɗinki 'ya'yanmu mata ba sa miƙa wa namiji hannu. Kwamiti ya zauna, ya sha lemo, ya fito da fatawa: kowace ɗaliba ta turo waliyyinta, sai ka ce ɗaurin aure.

Na zuba babbar riga, na karya hula, na je na washe baki har kunne. Ina saukowa daga dandamali wani jami'i ya ɗaga min tablet ɗin saitin hanci, ya ce an kulle shi da fuskar mai karɓa, don kada ɗalibai su kai kasuwa. Irin wannan hikimar sai ofis mai sanyi.

A gida Bahijja ta leƙa, ya ƙi buɗewa. Uwarta 'Yardada ta leƙa, ya yi mata kunnen uwar shegu. Ni kaina da na leƙa da fuskata ta kullum, wadda layin mai ya ƙera, bai san ni ba. Sai da na washe baki kamar ina gaban Mai Girma.

Kayan ciki kuwa ba laifi, a faɗi alheri. Akwai manhajar da ke naɗar lacca, in malami ya yi gudu Bahijja ta dawo da shi baya ya maimaita dole. Akwai ƙamus. Akwai wata mai tsofaffin tambayoyin jarrabawa, in ka ci ta tafa maka, abin da ko ni ban taɓa yi wa yarinyar ba. Ita take nema ruwa a jallo, don lissafi ya kayar da ita bara, kuma an ce in ta sake faɗuwa sai sallama. Matsalar, abin saurin barci gare shi. Ta juya ta sha ruwa, ya kulle. Shi ya sa na rufe shagon ɗinki, na tare a gindin bishiya, in ta ɗago hannu ta taga na je na yi murmushi na dawo.

Maƙwabcina Mala mai turare, haƙori ya kumbura masa kumatu, karatun 'yarsa Ikram ya tsaya cak. Muka rankaya ofis.

"Canjin fuska sai ɗan kwangila ya dawo," in ji jami'in.

"Ranka ya daɗe, ina ya tafi?"

"Umara."

Mala ya dafe kunci. "To in na mutu fa?"

"Sai ka zo ka sanar da mu da wuri, Alhaji."

Ɗazu da hantsi sakamako ya fito, kuma a cikin tablet ɗin ake dubawa. Bahijja ta fito daga aji, ta miƙo min. Wallahi tsoro ya kama ni. Na ja leɓe, ya ƙi jawuwa. Na sake, abin ya ce bai san wannan bawan Allah ba. Idon yarinya ya ciko da ƙwalla. Na kira uwarta a waya na ce murmushi ya ƙare.

Ta ce, "Malam, tuna ruwan famfon da aka ce zai iso unguwarmu kafin azumi."

Na tuntsire da dariya har hulata ta faɗi. Ya buɗe. Ta ci lissafi! Iyayen gindin darbejiya suka ɗau kabbara, ni kuwa na zauna a ƙasa na yi kuka na gaske, ban ji kunyar kowa ba.

A hanya take gaya min sai ta yi digiri na biyu. Don haka wanzamina ya yi haƙuri, gemun nan ba mai taɓa shi, ya zama kayan makaranta.