Ɗakin Kanarin Wenzu

"Lafiya lau na kwana, tunda ba a gidanka na kwana ba tukuna. Matsa min in wuce."

Da haka Nanna Censa ta amsa gaisuwar jikanta Lori, ta raɓa shi ta shiga tsakar gida, jakarta a kafaɗa, ƙunshin pastizzi masu zafi, irin samosar ƙasarsu, a hannu. Asabar ce, ƙarshen Afrilu, sanyin wannan ƙasa ta kudancin duniya ya fara leƙowa. Jibi Litinin za ta miƙa makullin gidanta na unguwar Sunshine, inda ta yi shekara hamsin da takwas, ta tare a ɗan ɗakin da Lori da matarsa suka gyara mata a ƙarshen tsakar gidansu a Melton. Kayanta sun riga ta zuwa. Abin da ya rage kanari ne goma sha ɗaya, zuriyar waɗanda mijinta Wenzu, Allah ya jiƙansa, ya bari. Tsohon ɗakinsu ya ruɓe, ba ya ɗaukuwa, shi ya sa Lori, direban bas wanda ya ci sunan kakansa (a wurinsu Lori da Wenzu gajerun suna ɗaya ne), ya yi Asabar uku yana gina musu sabo. Gobe bayan coci za a kwaso su.

"Me ke cikin takardar nan, Nanna? Ƙamshin ya riga ki shigowa."

"Na magina ne. Ka ga magini a nan?"

"Ga shi tsaye a gabanki."

"Ni dai direba na gani, da babban yatsa a ɗaure. Ƙusa nawa ka buga a katako, nawa ka buga a jikinka?"

"Wannan raunin aiki ne. Ki zo ki gani. Tun jiya fararen aku ke bin layi a kan shinge suna roƙon in ba su ɗaki ɗaya. Na ce su yi haƙuri, na iyalin gida ne."

"Dariya suka zo yi. Na san akun garin nan, ba su da kunya, kamar kai."

"A wurinki na gada. Mama ta ce ke ce kika taɓa gyara wa Fada karatu a tsakiyar huɗuba a coci."

"Ya tsallake layi ne. Ka riƙe min hannu, Wenzun jabu, ƙasar nan taka duk ramuka ce."

Ya riƙe ta suka taka har gaban ɗakin. Ba ta so ta nuna ba, amma aikin ya yi kyau. Tsayinsa ya kai mutum ya shiga bai sunkuya ba. Bango uku na kwano, fuska ɗaya ta ragar waya. Ya yi ƙofa biyu, ta ciki da ta waje, don kada tsuntsu ya bi mutum ya fice. Har tsohuwar sakatar da Wenzu, wanda jikokinsa ke kira Nannu, ya ƙera da hannunsa, Lori ya ciro ya kafa. Ta sa yatsa ta ja ta, ta yi irin ƙarar da ta saba yi.

"To?" in ji Lori.

"Sakatar ta yi kyau."

"Sakatar ta Nannu ce."

"Shi ya sa."

"Shekara talatin da huɗu ina jiran ki yabe ni sau ɗaya."

"Na yabe ka kana shekara uku, ranar da ka shiga ɗakin tsuntsaye ka cinye musu abinci. Kwana biyu muna jira ka fara waƙa. Na ce aƙalla yaron yana da ciki."

"Ke kuwa a jirgin Nuhu kika zo ƙasar nan. Nannu ya ce da aka ƙirga dabbobi biyu-biyu, aka samu ƙarin guda ɗaya mai surutu."

"Bai faɗa ba. Tsorona yake ji."

"Kowa ma."

Sai Lori ya kama kafaɗunta ya juya ta a hankali. "Yanzu ki duba can."

Ta duba. Fuskar ragar na kallon tagar ɗan ɗakinta daidai, inda matarsa ta riga ta rataya mata labule mai fure.

"Kamar yadda Nannu ya yi miki a Sunshine," in ji shi, muryarsa ta sauka. "Kina tsaye a kicin kina ganinsu. Sau ɗari na ji labarin, yadda ya fuskantar da ɗakin wajen tagarki don kada amaryarsa ta yi kewar gida. Na auna da igiya. Daga kan gadonki ma za ki hango Bishop."

Bishop shi ne tsohon namijin, mai ɗan baƙi a ka kamar hula, wanda Wenzu ya ciyar da tsinke watanni kafin ya rasu.

Censa ta leƙa cikin ɗakin tsuntsayen. Rana ta kusa tsaka, amma daɓen ɗakin duk inuwa ne. Hasken na zuba a bayan bangon kwanon, inda babu mai bukatarsa. Ta kalli igiyar shanya, ta ga rigunan aikin Lori suna kaɗawa suna nufar ragar. Gwiwoyinta ma sun riga sun gaya mata daga ina iskar take. Fuskar ɗakin kudu take kallo, ta inda sanyin teku ke shigowa da ruwa a watan Yuli.

Ta laluba carbin da ke aljihunta. In ta yi shiru, Bishop ba zai ga ƙarshen sanyin bana ba. In ta yi magana, za ta rasa tagar, ta kuma ɓata labarin da ake bayarwa a kowane bikin gidansu.

"Kin yi shiru," in ji Lori. "Ko daɗi ne ya kama ki? In kira likita?"

"Lori, ina rana?"

"A sama."

"Kada ka yi min wayo. Ina take?"

Ya waiwaya, ya nuna bayan ɗakin. "Can."

"Iska fa?"

Ya kalli rigunansa. Ya daɗe yana kallonsu. "Zan rataya musu leda in sanyi ya yi," ya ce.

"Ledar za ta kawo musu rana?"

"Nanna, Asabar uku. Na haɗa siminti da hannuna. Nannu ya bi taga, ni ma na bi taga. In shi ya yi daidai, ni ma na yi."

"An ba ka sunansa, ashe har da taurin kan aka haɗo maka. Jawo min bokitin can in zauna."

Ya kifa mata bokitin fenti, ta zauna, ta ɗora ƙunshin a cinya.

"Kakanka bai bi taga ba," ta ce. "Takarda ya bi."

"Wace takarda?"

"Ranar da za mu bar Malta, babansa ya biyo mu har bakin jirgin ruwa. Ba mai magana ba ne. Bai rungume shi ba, sai ya cusa masa takarda a aljihu. Zanen ɗakin tsuntsaye ne, da awonsa, da kibiya. Ya ce, ko ina ka je, fuskar ta kalli kudu, can rana take. Gaskiya ya faɗa, a kan rufin gidansu haka ne. Wa zai gaya wa tsohon da bai taɓa barin tsibiri ba cewa akwai ƙasar da rana ke bi ta arewa?"

"Nannu bai lura ba?"

"Da duhu yake fita masana'anta, da duhu yake dawowa. Ya aro abin duba gabas a wurin wani ɗan ƙauyensu, ya gina ɗakin ranar Lahadi biyu, Allah ya yafe masa, fuska a kudu, baya ga kicin ɗina. Ya zuba kanari goma sha biyu. Ni ce mai shanya, ni na san inda kaya ke bushewa. Na ce Wenzu, ɗakin nan ba ya ganin rana. Ya ce me ɗiyar masunci ta sani game da tsuntsu."

"Ya faɗa miki haka, ya kuma rayu?"

"Amarya ce ni a lokacin, ban gama koyon aikina ba." Ta gyara ƙunshin. "Yuli ya zo. Kullum da safe sai in shiga in tsinci ɗaya a ƙasa, ya dunƙule ƙafa. Tara. Duk suna ƙarƙashin bishiyar lemon da kake hawa kana ƙarami. Ranar na taran bai je aiki ba. Shayi kawai na kai masa. Ya ɗauki guduma ya cire kwanon baya ya mayar gaba, ya cire raga ya mayar baya. Da ya gama sai ga fuskar tana kallon tagata, don kicin ɗin ta arewa yake. Ya tsaya a ciki, hannu duk jini, ya ce, kin gani Censa, don ke na yi."

Lori ya zauna a ƙasa kusa da ita. "Ke kuma kika bar shi yana faɗa. A bikin Mama, a bikina, har a gadon asibiti."

"Bai so a ce babansa ya yi kuskure ba. Ni ban so a ce mijina ya yi ba. Na kai wa Fada maganar sau ɗaya, ya ce in je, akwai masu zunubi na gaske a layi."

"Wato babu soyayya a ciki. Gawar tsuntsu tara ce."

"Rufe min baki. Shekara hamsin da huɗu, har Allah ya ɗauke shi, in ya shiga ba su ruwa da safe, sai ya ɗaga kai ya duba ko ina tagar. In ba na nan, ya yi ta jan sakatar nan tana ƙara har in zo. Kai ka taɓa duba matarka haka, ko sai in wayarka ta mutu?"

Ya sunkuyar da kai yana murza ɗaurarren yatsan. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ta ɗauka kuka ne, har ta miƙa hannu, ashe dariya ce.

"Shi aƙalla takarda ce ta ɓatar da shi," ya ce. "Ni an haife ni a nan. Kullum ina tuƙa bas ina sauke makarin rana na gilashin gaba."

"A jini yake. Baban kakanka ya zana, kakanka ya bi, kai ko takardar ba ka gani ba ka yi kuskuren tsaf. Na gode wa Allah da ba a ba ku jirgin ruwa ba."

"In na juya shi, kwano kawai za ki riƙa gani daga taga."

"Na ga tsuntsaye shekara hamsin. Ba kurma ba ce ni, zan ji su. Kuma ina da ƙafa."

"Ƙafa ɗaya da rabi."

"Ta isa in zagayo in ga ko ka ba su ruwa."

Ya tashi ya zagaya ɗakin sau biyu, yana ƙwanƙwasa katako. "Siminti ba zai motsa ba."

"Wa ya ce ka taɓa siminti? Ba ka ji yadda aka yi ba? Kwano gaba, raga baya. Kakanka ya gama kafin la'asar, da guduma ɗaya. Kai kana da injin da ke kuka kamar jariri."

"Nannu ba shi da tsohuwa zaune a kan bokiti tana masa sharhi."

"Yana da ita. Yarinya ce kawai a lokacin."

Ta buɗe jaka ta ciro littafin addu'arta, wanda roba ke riƙe da shi. Daga tsakiyarsa ta zaro wata takarda da ta yi launin shayi, ninkinta ya kusa rabuwa. Ta miƙa masa. Ga zanen da fensir, ga kibiyar, ga wata ƙaramar rana da tsohon ya yi mata gashi-gashi kamar yaro.

"Ya jefa ta a shara ranar," ta ce. "Na tsince ta. Karɓi, gadonku ne, ku masu neman rana a inda ba ta."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya sa ta a aljihun ƙirji ya maɓalle. Ya shiga rumfar kayan aiki, ta ji yana ture-ture, sai ga shi ya fito da gilashin wata tsohuwar taga, ƙura ta rufe shi. Ya ɗaga shi a jikin ragar, daidai tsayin tagarta, ya rufe ido ɗaya yana aunawa.

"Wannan kuma fa?"

"Zan huda kwanon in kafa shi a tsakiya. Iska ta tsaya a waje, tsohuwa ta leƙa ciki. In mutane sun tambaya me ya sa na rushe aikin Asabar uku, kin san abin da zan ce."

"Me za ka ce?"

"Kin gani, Nanna, don ke na yi."

Censa ta juya kai tana kallon rigunan da ke kan igiya har sai da idonta ya washe. Sannan ta kwance ƙunshin, ta zaɓi wanda ya fi girma, mai cuku, ta miƙa masa.

"Ci guda ɗaya, maƙaryaci. Sauran sai rana ta shiga ɗakin."