Rigar Baba Ta Sha Zoɓo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na gyara abin da bai lalace ba, a gaban dangin mijina kaf.

Ni 'yar Kalgo ce, aure ya kai ni Gwandu, wani tsohon gida na malamai. Shekarata ta biyu a gidan aka yi wa mata bitar kwana uku a kan rini da tsirrai: ɓawon albasa, lalle, gangamau, zoɓo. Na dawo da takardar shaida da kuma kai mai girman tulu. (Kwana uku fa. Amma da kin ji ni ina bayanin yadda alif ke kama launi, sai ki rantse a marina aka haife ni.) Ɗankwalayena suka sha rini, labulen ɗaki ya sha, har matashin kai bai tsira ba.

Ana saura kwana biyu ɗaurin auren ƙanwar maigidana Bello, surukata Inna ta kira ni ta buɗe akwati. Ta ciro wata babbar riga mai nauyi, launinta kamar ƙasar bakin rijiya, ba fari ba, ba ja ba.

"Ɗiyata, ki shanya wagga a inuwa ta sha iska. Ita Malam za shi sawa."

Na karɓa da ladabi, amma a raina tausayi ne ya kama ni. Mutum kamar surukina Malam, da muke kira Baba, mai almajirai har Dalijan, ya fita ɗaurin auren 'yarsa da koɗaɗɗiyar riga? Ga kuma ni a gidan, da takardar shaida? Na shafa ta na ji siliki ce, kuma an koya mana siliki ya fi kowane yadi shan launi. Wannan kam ba su yi ƙarya ba.

Ban shawarci kowa ba, don so nake abin ya zo musu ba zato. Na kulle sashena, na jiƙa rigar a ruwan alif, na dafa zoɓo tiya guda a tukunyar tuwon biki. Niyyata ja mai duhu, irin na manya. Da na tsamo ta kuwa jan ya fito yadda nake so, har na yi wa kaina guɗa ƙasa-ƙasa. Sai da ta bushe ta nuna halinta: ruwan hoda, irin na rigar jaririya ranar suna. Na kalle ta, na kalle ta, na shawo kan kaina cewa ai zamani ne.

Safiyar ɗaurin aure tsakar gida ta cika da gwaggonni da baffanni. Na goge rigar, na ninke, na ɗora a faifai, na durƙusa gaban Baba.

"Baba, na ga ta koɗe ne, na ɗan farfaɗo da ita."

Ya warware ta. Har muciyar da ake tuƙi da ita sai da ta tsaya. Inna ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Mi kinka yi mata? Tsamiya ta fa! Haka launinta yake tun ran da anka saƙa ta!"

A nan, a durƙushe, na fara sanin akwai silikin da ake samu daga tsutsar daji, ana kiransa tsamiya, kuma wannan launin ƙasa da na raina shi ne darajarsa. Kakan Baba aka saƙa wa rigar. Ta wuce fari da yunwa da gobara biyu lafiya lau, sai da ta haɗu da ni. Wallahi kunya ta hana ni ko kuka.

Baba ya kai rigar hancinsa ya shinshina.

"Sai dai ba ki sa citta ba," ya ce.

Wata gwaggo ta tuntsire da dariya, sauran suka bi. Ni dai ina jiran a ce in tattara in koma Kalgo. Sai ya kira maigidana, wanda ke ta ƙoƙarin ɓuya a bayan rumbu.

"Dama kai za ka gaje ta in na mutu. To matarka ta gaggauta muna rabon gado. Amshi, sa. Yau."

Haka bawan Allahn nan ya tsaya ƙofar masallaci yana gaisawa da baƙi, gemu har ƙirji, cikin ruwan hoda tun daga wuya har idon sawu. Da rana ta take gumi ya tsattsafo, farar 'yar cikinsa ita ma ta samu rabonta. Abokansa har yau Ango Zoɓo suke ce masa, alhali ba shi ya yi auren ba.

Na koyi cewa idan tsoho ya ce a shanya, to a shanya. Bayan biki rigar ta koma akwatinta, Baba kuma bai sake tayar da zancen ba har ya rasu bara. Da aka zo raba kayansa, sai ga takarda da rubutun hannunsa a cikin akwatin: rigar tsamiya ta matar Bello ce, ita ta yi wahalarta.

Tana nan a ɗakina. Duk shekara nakan fito da ita ta sha iska, a inuwa.