Yaƙin Ɗalhatu da Katifun Kaduna

Wannan tarihin Ɗalhatu ne ɗan Sambo, ɗan Makau fatoma, jikan Madugu Tanko wanda ya kai ayari Gwanja sau tara bai taɓa sauke fatake a gidan tururuwa ba; tsatson masu saukar baƙi, dodon katifa, guguwa mai yaye zanen gado, gagarabadau wanda in ya shigo otal sai manaja ya tuna yana da uzuri a waje.

Amma ba'adu. A zamanin da Ɗalhatu ke hidima a ofishin shirya tafiye-tafiye na Hajiya Turai a Kaduna, labari ya iso cewa Alhaji Barau, babban falken shanu na Mai'aduwa, zai zo ganin likitan ido, kwana huɗu. Shi Alhajin nan ofis uku ya riga ya saki, kowanne da magana guda: ban yi barci ba. In ya saki ofis kuwa, da 'ya'ya da surukai da duk masu zuwa Umara ta hannunsa yake tafiya. Hajiya ta kira Ɗalhatu, ta gaya masa ko kai ba ta ɗago ba, cewa ya nemo wa Alhaji masauki, in kuwa Alhaji ya kwana ido biyu, ya ajiye mata makullin babur ɗin ofis ya nemi wani aikin. Ɗalhatu ya ji tsoro ƙwarai, don sana'ar ke nan da ya iya, kuma yana son ta.

Sai sadauki ya yi ɗamara. Ya rataya tocila, ya soke farin hankici, ya ɗauki littafi da biro, ya hau ingarmansa, wanda ya tashi a bugu na bakwai.

Ya yi hujumi a otal na farko, ya shafa hankici a saman durowa, hankici ya dawo kamar an goge gindin tukunya. A na biyu ya murɗa famfo, famfo ya yi tari sau uku ya ba da iska. A na uku ya tarar da janareto ya yi sansani a ƙarƙashin taga, kibiyar alƙibla kuma ta nufi Ikko, sai ya yi kururuwar da ta girgiza bene: "Ina manaja!" Amma babban gumurzu a kan katifa ake yinsa, don nan ne barde yake cire takalmi, ya ja da baya taku uku, ya faɗa rigingine, ya juya dama, ya juya hagu, yana ƙirga ƙarafan ciki da haƙarƙarinsa, masu shara suna kallo daga bakin ƙofa. Katifa goma sha bakwai ya kayar cikin kwana uku, har ya koma yana hawa babur a karkace.

Mai nema yana tare da samu. A wani ƙaramin otal na Unguwar Rimi, ɗaki na sha biyu, ya gamu da sarauniyar katifu, ba ta nutsewa, ba ta tokarewa, har ya ji ƙwalla ta taru masa. Aibi ɗaya ɗakin yake da shi: an kwashe kafet tun bara ba a mayar ba, sai tsohon daɓen siminti tsirara. Ya roƙi manaja, aka ciro kafet ɗin ofishinsa aka rufe abin kunyar.

Ranar gamo, bayan azahar, Alhaji Barau ya iso da sandarsa. Ɗalhatu ya tsaya a gefen gado ya fara huɗubar katifa, kaurinta da asalinta, amma Alhaji ƙasa yake kallo. Ya sa bakin sanda ya ɗaga gefen kafet, sai ga siminti. Ɗalhatu ya ji makulli ya yi masa nauyi a aljihu.

Alhaji ya sa aka naɗe kafet ɗin, ya cire takalmi, ya taka daɓen da tafin ƙafa, ya gyaɗa kai. Ya kwance buzunsa ya shimfiɗa. Yana shimfiɗawa yana faɗin cewa shekara sittin a ƙasa yake kwana, amma duk inda aka kai shi, ko kafet manne mai warin danshi, ko tayil mai sanyin ƙanƙara. Ba wanda ya taɓa tambayarsa a kan me yake kwana, ciki har da jikan Madugu. Sannan ya nuna gadon da sanda.

"Yaro, wannan fa?"

"Katifa ce, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ɗora min kayana a kai, kada ƙwari su shiga."

Da hannunsa Ɗalhatu ya ɗora jaka da buhun ƙuli-ƙuli a kan sarauniya, ya ja ƙofa. Kafin ya kai matakala, minsharin ƙailula ya tashi, tambarin nasara ke nan, kuma makulli ya kwana a aljihunsa.

Masu ruwaya sun ce har yau, in ka shiga otal a Kaduna ka tarar da mutum da farar shadda kwance a ƙasa kusa da gado, idonsa a rufe, kada ka yayyafa masa ruwa. Ɗalhatu ne, aiki yake.