Ranar Da Na Sanyaya Mota

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na buga tanis a Riyad ba. Direba ne ni, shekarata hamsin da huɗu a lokacin, ina tuƙa wata dattijuwar Baturiya da muke kira Madam. A cikin rukunin gidajensu mai katanga ake yin gasar tsofaffi, mace da namiji a kowane ɓangare. Shekara shida tana bin kofin nan bai zo hannu ba, ga shi a watan za su bar ƙasar gaba ɗaya.

Ranar wasan ƙarshe gwiwar mijinta, wanda suke bugawa tare, ta kumbura. Sai ta tuna na taɓa cika baki cewa na yi tanis a Kano (na tebur ne, a ƙofar shagon aski, amma wa ya tambaye ni?). Aka duba iƙamata, wato katin zamana a ƙasar, shekaru sun kai, aka miƙo mini gajeren wando. Na ɗora shi a kan dogon wandona.

Ƙidayarsu ta ɗaure mini kai: daga sha biyar sai talatin, sai arba'in, sai kuma a koma babu. Ni dai in ƙwallo ta zo, in yi bismilla in maka. Madam ce ke yin komai, tana ta cewa, "Yalla, Malam!" Can sai aka ɗauki tafi, ta ɗaga hannu tana murna, kowa ya nufi benci ya ɗauki tawul.

To, shekara tara ina wannan aiki, na san ƙa'ida: kafin Madam ta gama share gumi, dole mota ta yi sanyi. Na suri jakarta har da abin bugun, na ruga wurin ajiye motoci, na kunna na'urar sanyi. Na kishingiɗa ina tsara yadda zan ba mutanenmu na unguwar Batha labarin kofi.

Ashe zagayen farko kawai muka ci, saura biyu ko ɗaya. Wayata kuma tana kan benci. An neme ni har masallaci, da aka gaji alƙalin wasa ya ba abokan karawarmu kofin.

Madam ta zo, ta buɗe ƙofa da kanta, ta zauna. Sannan ta ce, "Mota ta yi sanyi, Malam. Na gode."

Wallahi da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar, ko a wurin walima na ga mutane sun miƙe, sai na tambayi mutum biyu ko an gama kafin in taɓa makulli.