Rasuwar Hajiya Sannu, Mai Ɗakin Sanyi

Da zuciya cike da baƙin ciki, da riga jiƙe da zufa, Malam Idirisa na ofishin ƙungiyar manoma da ke unguwar Zariya, Maradi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babbar ordinatar ta ofis, wato kwamfuta, wadda aka fi sani da Hajiya Sannu.

Marigayiya ta zo mana zamanin da masu ba da tallafi ke yawo cikin fararen motoci. Ta haddace manoman Tsibiri da na Jiratawa kaf, kuma komai uku-uku take riƙe shi: Jibo, yana noma, gero. Gero, yana son, jigawa. In aka tambaye ta wane iri ya dace da gonar Jibo, ba ta yanke hanya. Sai ta bi manomi bayan manomi, ta gaida kowa, ta tambayi iyali, kamar dattijuwa a gidan biki. Tana tafe tana "hmmmm", can ta ce "kirr-kirr". Malam Idirisa ya sha tura tambaya da hantsi, ya yi azahar, ya ci tuwo, ya dawo ya iske ta ba ta gama da mutanen Jiratawa ba.

Allah bai yi ta da son zafi ba. Saboda ita aka kafa kilim, na'urar sanyaya ɗaki, a ɗakinta, shi kaɗai a duk ofishin, aka kuma ce lalle a sami mai jiranta. Malam Idirisa ya ɗauki wannan nauyi shekara da shekaru, da rigar sanyi a tsakiyar bazara, bai taɓa kai ƙara ba.

Ciwo ya soma ranar da aka ɗauko Atika, yarinya injiniya mai saurin hannu. Ta duba tambayar da Malam ya saba turawa, ta ga ashe tana sa baiwar Allah ta tara manoman jiha duka kafin ta nemi ƙauyen. Ta juya ta: ƙauye tukuna, sannan manomi. Ta kuma ware mata kayanta rumbu-rumbu, don ta san inda za ta sa hannu. Amsa ta fito Malam bai gama gyara zama ba. Atika ta ƙara da cewa aiki mai sauƙi haka ko 'yar ordinatar ta jakarta ta ɗauka. Darekta ya yi tafi, ya kuma daɗe yana kallon kilim.

Don a gane cewa babban aiki sai babbar na'ura da ɗakin sanyi, Malam Idirisa ya maido da tsohuwar tambaya, ya ƙara mata kaya: duk wanda ya taɓa shuka wake, da maƙwabcinsa, da maƙwabcin maƙwabcinsa. Lokacin kuwa an yanke wutar da ke zuwa daga ƙetaren iyaka, ɗan injin wutar ofis ba ya iya jan kilim. Hajiya ba ta ƙi ba. Ta ce "hmmmm", ta ce "ƙiiii", ɗaki ya ɗauki ƙauri irin na masar da aka manta a tanda. Shi ke nan.

Ta rasu ta bar allon rubutu mai giɓi, da batir mai kuka duk sa'ad da wuta ta tafi, da butar shayi, da Malam Idirisa, wanda har yanzu ba a gaya masa sabon aikinsa ba.

Za a ɗauke ta a amalanke ranar Juma'a bayan la'asar, zuwa Sabon Gari, rumfar Malam Maman Lawali mai gyaran rediyo, wanda ya riga ya nuna sha'awar fankarta. Ana karɓar gaisuwa ƙarƙashin dogon yaron bakin ofis. Kowa ya zo da mafici.

Bayanan manoma ba abin da ya same su, suna cikin jakar Atika. Kilim kuma tun Talata yana ofishin Darekta.